Haske ko Tsinke: Zaɓen Hanyar Auna Cunkoson Lantarki a Cikin Filasma

Ba sabon abu ba ne a Samaru a ji ɗalibin fiziks mai neman digiri na biyu ko na uku ya rubuta a ƙudurin bincikensa cewa zai auna kwararar lantarki a cikin filasma da hasken leza, alhali bai tsayar da irin filasmar da zai haɗa ba tukuna, balle ya san yawan elektiron ɗin da za su kasance a cikinta. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin mujallun da yake karantawa cike suke da labarin manyan ɗakunan bincike na Turai da Amurka da Sin, inda haske ya zama babban ma'auni, sai ya ɗauka cewa duk wanda ya tsaya a kan waya da tsinke an bar shi a baya. Wanda ke tsaye a wannan mararraba, ko ɗalibi ne ko malamin da zai sa hannu a takardar neman kuɗin kayan aiki daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, shi nake nufi da wannan rubutu, kuma ra'ayina tun daga farko shi ne cewa alƙaluman filasmar su ne ke zaɓen hanya, kuma lissafin da zai nuna haka bai fi rabin shafi ba.

Filasma dai iskar gas ce da aka ba wa ƙarfi har elektiron suka rabu da atom ɗinsu, ta zama mai ɗaukar lantarki, kamar tartsatsin mai walda a Sabon Gari, ko walƙiyar farkon damina, ko hasken da ke cikin doguwar fitilar ofis. Irving Langmuir ne ya sa mata wannan suna a 1928. Jimillar lantarkin da ke ratsa ta ba ta da wuyar sani, ana auna ta da amfiya. Abin da ke da wuya shi ne cunkoson kwararar, wato amfiya nawa ke bi ta kowace murabba'in mita, a tsakiya ko a gefe. Wanda ya tsaya a kan gadar Galma cikin watan Agusta ya san cewa sanin yawan ruwan da ya wuce ƙarƙashin gada daban ne da sanin inda igiyar ta fi ƙarfi, kuma mai kwale-kwale na biyun ne ya dame shi. Haka filasma take: inda lantarki ya taru a nan zafi yake taruwa, daga nan ne kuma rikicewar da ke wargaza ta kan fara.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe kafin a kwatanta komai. In ban da hanya ɗaya da zan zo kanta daga baya, haske ba ya ganin kwararar lantarki kai tsaye. Abin da yake ji shi ne filin maganaɗisun da kwararar ta haifar, sannan mai bincike ya koma ga dokar Ampère ya ciro cunkoson daga yadda filin ke canzawa daga wuri zuwa wuri. Wannan komawa da baya tana da tsada, saboda ana aiki ne da bambancin da ke tsakanin awo biyu maƙwabtan juna, kuma ƙaramin kuskure a kowannensu kan kumbura ya zama babba a sakamakon ƙarshe. Mu a nan ai muna zaune ne a ƙarƙashin misalin wannan aiki, domin Zariya na kusa da layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu, kuma da rana akwai kwararar lantarki mai ƙarfi da ke bi ta filasmar sama, kimanin kilomita 100 a bisa kawunanmu, wadda Sydney Chapman ya raɗa wa suna a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya daɗe yana bincikenta daga Ibadan. Da na'urorin maganaɗisu a ƙasa aka fara gano ta, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Tsoffin hanyoyin su ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Naɗin Rogowski, wanda aka bayyana a 1912, waya ce da ake naɗawa ta zama zobe a kewaya filasmar da ita daga waje, kuma duk wanda ya taɓa ganin masu naɗin moto suna aiki ya san ba abin da zai gagari ɗalibi ba ne ya yi shi da hannunsa. Yana ba da saurin canjin jimillar kwararar, ba ya faɗin komai game da rabonta a ciki. Don sanin rabon sai a cusa ɗan ƙaramin naɗi a cikin bututun gilashi, a riƙa matsar da shi daga gefe zuwa tsakiya, ko kuma a yi amfani da tsinken Langmuir, siririn ƙarfen tungstin da ke ba da yawan elektiron da zafinsu a daidai inda kansa yake. Kuɗinsu kaɗan ne, gyaransu a gida ne, kuma abin da suke bayarwa awo ne na wuri guda takamaimai. Aibinsu biyu ne. Suna dagula abin da suke aunawa, domin suna sanyaya filasmar kuma kwararar kan kauce musu, sannan ba sa jure zafi: tungstin na narkewa a digiri 3,422, filasmar tokamak kuwa, wato na'ura mai siffar zobe da ke riƙe filasma da maganaɗisu, tana kai miliyoyin digiri. Wannan ne ya tilasta wa masu bincike neman haske, ba son burgewa ba.

Hanyar haske da ɗalibai suka fi ambata ita ce juyin Faraday. A 1845 Michael Faraday ya gano cewa idan haske mai kaɗawa ta fuska guda ya ratsa wani abu da ke cikin filin maganaɗisu, fuskar kaɗawar tana murɗawa. A cikin filasma girman murɗawar ya dogara da abubuwa huɗu da ake ninkawa: yawan elektiron, ƙarfin filin da ke bin hanyar hasken, tsawon hanyar, da tsawon zangon hasken ninki kansa, duka a ninka da 2.62 × 10⁻¹³ idan an yi lissafin da mita da tesla (ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu), amsar kuma ta fito da radiyan (ma'aunin kusurwa). Wannan ɗan lissafi shi ne alƙalin da nake nufi, kuma yana da kyau a gwada shi a kan filasma iri uku.

A ɗauki bututun gilashi mai faɗin santimita 2 da ake ratsa shi da miliamfiya 10, irin wanda ɗakin gwajin kowane sashen fiziks zai iya haɗawa da famfon zuƙe iska da tukunyar iskar agon. Yawan elektiron a ciki bai cika wuce 10¹⁶ a kowane akwati mai mita guda a tsawo da faɗi da zurfi ba, filin da kwararar ke haifarwa a gefen bututun kuma mikrotesla 0.2 ne kacal, alhali filin maganaɗisun duniya kansa a nan Zariya ya haura mikrotesla 30. Idan aka haska jar lezar hiliyam da niyon mai zangon nanomita 632.8, murɗawar za ta tsaya a wajen 10⁻¹⁸ na radiyan. Babu na'urar da za ta ga wannan, kuma ko an sayo leza mafi tsada a duniya amsar ba za ta canza ba. Wanda filasmarsa irin wannan ce ya rufe babin Faraday tun a nan.

A tokamak lamarin daban ne. Da elektiron 5 × 10¹⁹, da filin tesla 0.2 daga kwararar filasmar, da hanya mai tsawon mita guda, da haske mai dogon zango na mikromita 195 irin wanda aka yi amfani da shi a tokamak ɗin JET da ke Culham a Ingila har zuwa rufe gwaje-gwajenta a ƙarshen 2023, murɗawar kan kai kusan digiri 6, abin da ake aunawa cikin natsuwa. Shi ya sa manyan na'urorin suka koma ga leza masu dogon zango, kamar mikromita 337 a TEXTOR da ta yi aiki a Jülich a Jamus har zuwa 2013, da mikromita 432.5 a EAST da ke Hefei a ƙasar Sin. Amma a lura da abin da ake samu: kowane zaren haske jimillar abin da ya gamu da shi a hanya yake kawowa, ba ya cewa a nan filin ya yi ƙarfi a can ya yi rauni. Dole a jera zaruruwa da yawa a gefen juna, dole kuma a auna yawan elektiron a kan hanyoyin nan dai da na'urar karon haske, tunda murɗawar ta gauraya yawan elektiron da filin, sannan a warware duka da lissafin Abel, mai ciro awon kowane wuri daga jimillolin, wanda ke bukatar a ɗauka cewa filasmar zagayayyiya ce daidai wa daida. Wani abin sha'awa shi ne zaren da ya bi ta tsakiyar kwararar ba ya murɗawa ko kaɗan, na damansa da na hagunsa kuma suna murɗawa ta fuskoki kishiyoyin juna, don haka tun kafin a yi wani dogon lissafi an san inda cibiyar kwararar take. Dogon zango na ƙara murɗawa, amma yana kuma sa filasmar ta lanƙwasa hasken ya kauce wa na'urar da ke jiransa, saboda haka zaɓen zango ciniki ne tsakanin riba da asara.

Iri na uku shi ne wanda na fi ganin ya shafe mu, wato na'urar matse filasma mai harbi ɗaya ɗaya, irin wadda Farfesa Sing Lee da abokan aikinsa suka tsara a Maleshiya domin jami'o'in ƙasashe masu tasowa, mai kondensa ta mikrofarad 30 da ake cajawa zuwa kilobolt 15, wato kimanin kilojul 3. Kwararta na haura kiloamfiya 100, kuma idan ta matse zuwa kaurin milimita ɗaya ko biyu, filin da ke gefenta kan kai tesla 20, elektiron kuma su kai wajen 10²⁵. A nan ko koriyar leza mai nanomita 532 za ta murɗa da kusan digiri guda. Ana iya auna wannan, sai dai matsewar ba ta wuce wasu gomomin nanosakan, don haka ana bukatar leza mai walƙawa cikin nanosakan kaɗan, da agogon da zai haɗa walƙawar da lokacin matsewar, da kuma hanyar raba hasken leza daga hasken filasmar kanta, wanda ba kaɗan ba ne. Aiki ne na shekara biyu ko uku ga mai digiri na uku wanda na'urarsa ta riga ta zauna da gindinta.

Akwai ƙanwar wannan hanya da ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Maimakon a tura haske cikin filasmar, sai a naɗa zaren gilashi, irin na sadarwar intanet, a kewaye da sandar da ke kai lantarkin, a bar murɗawar ta faru a cikin gilashin. Da jar leza, kowace amfiya kan murɗa hasken da kimanin huɗu da rabi bisa miliyan ɗaya na radiyan a zagaye guda, ma'ana kiloamfiya 170 za ta ba da kusan digiri 45. Jimilla kawai take bayarwa, kamar naɗin Rogowski, amma ta fi shi da abu guda mai muhimmanci: gilashi ba ya ɗaukar hayaniyar lantarkin da fashewar kondensa ke watsawa cikin ɗaki, wadda kan cika fuskar osiloskof da zane marar ma'ana. Matsalarta ita ce lanƙwasa zaren da canjin zafi suna taɓa fuskar kaɗawar hasken su ma, kuma a garin da ɗaki kan yi sanyi ƙarara da asubar Janairu ya koma kamar tanderu da azahar ɗin Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka babbar tokamak ITER da ake ginawa a Cadarache a Faransa, wadda aka tsara ta ɗauki amfiya miliyan 15, ta sa irin wannan zare cikin ma'aunanta.

Hanya ta biyu ba ta bukatar leza ko kaɗan, domin hasken filasmar kanta take karantawa. Pieter Zeeman ya gano a 1896 cewa filin maganaɗisu na tsaga layin hasken atom ya rabu gida-gida, kuma da wannan ne George Hale ya nuna a 1908 cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana suna da maganaɗisu. Tsagewar ƙarama ce: a zangon nanomita 500, tesla guda na ba da kimanin nanomita 0.012. A bututun gilashin da muka ambata babu abin gani. A filasmar da aka matse, tesla 20 za ta ba da fiye da nanomita 0.2, wanda matsakaiciyar na'urar tsefe haske za ta iya rabawa, da a ce layin siriri ne. Sai dai zafi da cunkoson elektiron suna faɗaɗa layin har faɗinsa ya haɗiye tsagewar. Dabarar da ake yi ita ce a duba ta fuskar da filin yake bi, inda ɓangarorin biyu na layin ke da kaɗawa mai juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu, a raba su da tacen haske a ɗauki kowanne daban, sai a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyarsu ko da sun hau kan juna. Fifikon Zeeman a kan Faraday shi ne yana ba da filin kai tsaye ba tare da an san yawan elektiron ba, kuma idan ayon ɗin (atom mai caji) da ke ba da layin a wani zobe kawai na filasmar yake rayuwa, an sami awon wuri guda kyauta. Kuɗin yana tafiya ne a kan na'urar tsefe haske mai kaifi da kyamarar da ke buɗe ido cikin nanosakan, amma su biyun kaya ne da za su yi wa sashe aiki a bincike goma daban, abin da ba za a faɗa game da lezar dogon zango ba.

Hanyar Stark ta motsi ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ana harba atom ɗin haidirojin marasa caji cikin filasma da gudun kusan kilomita 3,000 a sakan, su ji filin maganaɗisun kamar filin lantarki, layinsu na nanomita 656 ya tsage, fuskar kaɗawarsa kuma ta nuna alƙiblar filin a daidai mahaɗar harbin da layin gani. An fara nuna ta a tokamak ɗin PBX-M da ke Princeton a 1989, kuma ita ce ta zama abin dogaro a manyan tokamak saboda tana ba da awo wuri-wuri. Amma tana bukatar na'urar harbin da ita kaɗai ta fi ƙarfin kasafin sashe, da fili mai ƙarfin tesla ɗaya ko fiye. Ɗalibinmu zai iya shiga wannan fage ta hanyar haɗin gwiwa da sarrafa bayanan wasu a kwamfuta, kuma wannan bincike ne na gaske, amma kada ya rubuta ta a jerin kayan da za a sayo.

Saura hanyar da na ce ita kaɗai ke ganin kwararar ido da ido, wato watsuwar Thomson. Ana harba leza mai ƙarfi, elektiron su watsa ɗan kaɗan daga hasken, faɗin layin da ya dawo ya ba da zafinsu, yawansa ya ba da adadinsu, gocewarsa gefe guda kuma ta ba da gudun da suke yi baki ɗaya ta fuska guda. Adadi a ninka da caji a ninka da wannan gudu, shi ne cunkoson kwararar, babu dokar Ampère babu lissafin Abel. Da wannan hanya ce tawagar Culham ta je Mosko a 1969 da lezar yaƙutu ta tabbatar da cewa tokamak ɗin T-3 ya kai zafin kusan digiri miliyan 10, amma zafi suka auna, wanda shi ne ɓangare mai sauƙi. Gocewar ita ce wahala. A tokamak mai amfiya miliyan guda a murabba'in mita da yawan elektiron ɗin da aka ambata a baya, gudun bai ɗaya na elektiron kusan kilomita 125 ne a sakan, alhali kai-komon da zafi ke sa su yi ya haura kilomita 10,000 a sakan, wato ana neman gocewar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin layin ba, a cikin hasken da abin da ke isowa na'ura daga gare shi bai kai ɗaya cikin tiriliyan na abin da aka harba ba. Inda hanyar ke cin nasara shi ne filasmar da gudun bai ɗaya ya kusa kamo gudun zafi, kamar ta injinan Hall masu tura tauraron ɗan Adam. Ita ce mafi tsabta a takarda, ita ce kuma mafi rashin yafiya ga ƙura da hasken da ya ɓace hanya.

Maganar ƙura ta dawo da mu gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na shiga ko ta wace kafa, ya kwanta a kan madubi da tagar gilashi, kuma ƙwayar ƙura guda a kan madubin da leza mai ƙarfi ke bugawa ta isa ta ƙona rufinsa, sabo kuwa sai an yi odarsa da dala an jira watanni. Ɗaukewar wuta da komawa kan janareta na katse ruwan sanyaya leza, kuma lezar da aka kashe bagatatan takan ɗauki lokaci kafin ta daidaita. Saboda haka duk wanda ya sa leza a kasafinsa ya sa ɗaki mai rufi biyu, da na'urar sanyaya ɗaki, da batura da inbata, da tebur mai nauyi da ba ya rawa, da tabarau na kariya, in ba haka ba ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Na'urar matse filasma kuma tana fitar da hasken eksire, idan an cika ta da diyutiriyam har da niyutiron, don haka akwai batun izini daga hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. A nan Zariya ta yi sa'a, tunda Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana gudanar da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma mutanenta sun san awon tururin da kariya daga gare shi.

Ga mai bututun gilashi, shawarata ita ce ya riƙe mitar amfiya da tsinken Langmuir, kuma idan lallai yana son haske ya shigo aikinsa, akwai hanya mai araha da ta dace da shi. A doguwar tsakiyar bututun, ƙarfin da ke tura elektiron kusan ɗaya ne daga cibiya zuwa bango, don haka cunkoson kwararar na bin yawan elektiron, hasken da gas ɗin ke fitarwa shi ma yana binsa gwargwado muddin zafin elektiron bai canza sosai ba. Kyamara mai kyau da tacen launi guda da lissafin Abel za su ba shi siffar rabon, mitar amfiya ta ba shi jimilla, tsinken kuma ya zama shaida a wurare uku ko huɗu. Mai na'urar matse filasma ya fara da naɗin Rogowski da ƙananan naɗi na ciki, domin suna jure matakin farko kafin matsewa, ya ƙara zaren gilashi a kan sanda guda ya ga ko biyun sun yarda da juna a harbi ɗari, sannan ya nufi Zeeman kafin Faraday, saboda ba ya bukatar leza ko awon elektiron na daban. Kafin ya amince da zaren, ya gwada shi a kan waya miƙaƙƙiya da ya san amfiyar da ke cikinta, sau ɗaya da safe sau ɗaya da azahar, ya rubuta zafin ɗakin a gefen kowane awo.